Kofunan da Wan Mijina Ya Bar Mini

Mijina ya rasu a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ana tsakiyar damina. Ciwon ciki ne, bai daɗe a kwance ba. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a loko yake, inda ake gyaran kawunan jirgi, kuma a kwatas ɗin ma'aikata muke zaune a Kafanchan, ni da shi da 'ya'yanmu uku, dukansu mata. Muka kai shi ƙauyensu a bayan Godogodo muka binne. Masu zuwa gaisuwa ba su gama ɗaukewa ba sai ga wansa a ƙofar gidana da a-kori-kura.

Shi ne babba a gidansu. Manomi ne, mai sanƙo, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi mai barci. Baba nake ce masa tun ranar da aka kai ni gidan, yarana kuma suna ce masa Baba Babba. Ya zo da matarsa da wasu samari na ƙauye. Na ɗauka duba mu suka zo yi, har na ɗora musu ruwan shayi.

Ya zauna a kujerar mijina ya ce, "Matarmu, kin san yadda abin yake. Ƙanena bai bar namiji ba. Kayansa za su koma gida."

Na san ana yi. Na ga an yi wa wasu. Amma ban taɓa zaton mutumin da ya sha kwana a falona, ya ci tuwona duk lokacin da ya shigo gari, zai iya kallon idona ya faɗi haka ba. Samarin suka fara da gadon ƙarfe. Suka ɗauki katifa, da rediyo, da keken hawa, da fitilar gas, da kujeru, har da ƙaramin gadon da yaran ke kwana. Ina tsaye ina kallo har suka sa hannu a keken ɗinkina.

Na ce, "Baba, wannan nawa ne. Ba na ƙaninka ba ne. Da hannuna na saya."

Gaskiya na faɗa. Shekaru na yi ina soya ƙosai ina dafa gwaza, ina bin tagogin jirgin Fatakwal da na Jos da tire a kaina, kafin keken nan ya shigo ɗakina.

Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Ke ɗin kuma ta wa ce? Wa ya biya sadakinki?"

Aka ɗaga keke aka fita da shi.

Abu na ƙarshe shi ne kabad ɗin tangaran. Mijina ya saye su a gwanjo, lokacin da wani Bature zai koma ƙasarsu. Tun a lokacin tsofaffi ne, masu shuɗin fure, zanen ruwan zinariya na bakinsu ya kusa gogewa. Ba ma fito da su sai ranar Kirsimeti, ko in fasto da dattawa sun kawo ziyara. Wan mijina ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kai kofi kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa da farce. Wanda ya yi ƙara mai zaƙi ya miƙa wa matarsa, ita kuma ta naɗe shi da zannuwana ta sa a daro. Wanda ya amsa a dakushe, ya san akwai tsaga a ciki, sai ya ture gefe. Haka ya yi, a natse, kamar mai zaɓen irin doya. Autata tana tsugune kusa da shi tana kallo, ta ɗauka wasa ne.

Da ya gama, abin da ya rage a ƙasa shi ne kofuna marasa mariƙi, da masu ɓantararren baki, da ƙananan farantai masu tsaga, da kwanon sukari wanda murfinsa ya fashe tun tuni, da wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna na ɗora dafaffen ƙwai da bai san amfaninsu ba.

Ya ce, "Waɗannan ki riƙe. Yara sa sha ruwa."

Matarsa ta dube ni ta ce, "Ba za ki yi godiya ba?"

Ban yi ba. Amma ban zage su ba, kuma wannan shirun nawa ya daɗe yana cin raina fiye da kayan.

Washegari na je wurin fasto. Ya saurare ni, ya yi addu'a mai tsawo, sa'an nan ya ce, "'Yar'uwa, maganar gado ta gida ce. Ikilisiya ba ta shiga. Ki yi haƙuri, Ubangiji zai lura da ke." Na roƙe shi ko dattawa su zauna a kan keken kaɗai, tun da kowa a majami'ar ya san yadda na same shi, matansu ma ni nake yi wa ɗinki. Ya ce dattawa suna da hidima da yawa, ga ginin sabuwar majami'a a gabansu. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'armu, suka zo da yamma suka yi mini waƙa a falon da babu kujera, muna zaune a kan tabarmar aro. Kowace ta ce in yi haƙuri. Na tsani kalmar nan a shekarar. In aka faɗe ta sai in ji kamar an watsa mini ruwan wanke-wanke.

Gidan kwatas na ma'aikaci ne, dole muka tashi. Na kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Tangaran ɗin na zuba su a kwali na tura lungu, don ba na iya kallonsu, ba na kuma iya zubar da su.

Wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon ɗinki a bakin kasuwa ita ta ba ni aiki. Madam kowa ke ce mata. Ta gudu lokacin rikici, ta dawo bayan yaƙin basasa ta tarar da wasu a gidanta suna girki da tukwanenta. Ita kaɗai ce ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Na gaya mata labarina, ta cire fil daga bakinta ta ce da irin Hausarta, "Kada ka yi kuka. Kuka ba ya sa maɓalli. Zauna." Kekenta ɗaya ne, ita ke hawa. Ni kuma aikin hannu: kalmasa, ramin maɓalli, ɗinke bakin riga. Wanda ban gama a shago ba in kai gida.

A nan matsalar ta taso. Ɗaki ɗaya, mutum huɗu, ba tebur. Allura da fil ko'ina, a tabarma, a zani, a bargon yara. Wata safiya 'yata ta tsakiya ta taka allura ta shige mata tafin ƙafa har rabi. Na zare ta da haƙorina, yarinya tana ihu, ni ina tsine wa mutumin da ya ɗauki kekena mai aljihun ajiye allura. Da na ɗaure mata ƙafar na jawo kwalin nan da niyyar in farfasa komai a jikin bango, don in samu abin da zan huce a kai. Na ɗauki kofi mara mariƙi, na ɗaga hannu. Sai na ga ya zauna daidai a tafin hannuna, ga nauyi, ga baki a buɗe. Na sauke hannun.

Na goge wurin da ya karye a kan dutsen wasa wuƙa har ya daina yanka. Na ƙulla yashi a ƙyalle na sa a gindinsa don kada ya riƙa faɗuwa. Akwai wata tsohuwar rigar aikin mijina, kakin ƙasa-ƙasa, wadda suka bari saboda ta yage. Na yanko da'ira daga bayanta, na bi bakin da dogon ɗinki, na ja zaren ya tattare kamar bakin jaka, na cusa audugar rimi da garin katako har ya yi tauri. Na aiki babbar 'yata wurin mai gyaran takalmi ta roƙo gam, na shafa a cikin kofin na danna. Abu ya fito a dunƙule, ƙasa-ƙasa, yana ɗan sheƙi saboda tsufan yadin.

Babbar 'yata ta kalle shi ta ce, "Mama, ya yi kama da kan Baba Babba."

Na ɗauki allurar da ta soki ƙanwarta na caka a tsakiya na ce, "To, Baba, ga naka."

Yaran suka fashe da dariya, har mai ciwon ƙafar. Tun ranar bison ubansu ban ji dariyarsu ba. Daga nan ya zama wasan ɗakinmu. Duk wadda ta tsinci fil a tabarma sai ta ce, "Bari in kai wa Baba Babba."

Na yi wa Madam ɗaya da guntun atamfa, na rufe ɓantararren bakin da ɗan leshi. Ta daina riƙe fil a baki. Masu kawo ɗinki suka fara gani suna tambaya. Matashin allura muka sa masa suna. Matan malaman makaranta suka so, nas-nas na asibiti suka so, wata malama mai koyar da ɗinki ta zo daga Manchok ta ɗauki na kofunan ƙwai gaba ɗaya don 'yan ajinta. Kwanon sukari, da yake shi ne babba, na yi masa karan-miski ja na kai wa matar fastonmu, Mama Fasto, kyauta, don ita ta taɓa aiko mana da masara a ɓoye.

Da nawa suka ƙare na shiga nema. Masu shayi na tasha suna ajiye mini kofunan da suka ɓantare. Kuku-kukun gidajen manyan ma'aikata suna miƙo mini ta katanga abin da uwargida ta ce a zubar. Matan Yarabawa masu sayar da kwanuka suna ware mini waɗanda suka tsage a hanya. Ba arziki ba ne, amma yarana ba su bar makaranta ba, kuma na sayi katifa.

A cikin wannan lokaci wata 'yar ƙauyen mijina ta gaya mini inda kekena yake. Yana ɗakin wan mijina, an ɗora masa kwandon irin acca, ruwa na ɗiga a kansa daga jinka. Babu wanda ya iya ɗinki a gidan. Bai sayar ba, bai ba kowa ba, bai mayar mini ba. Tsatsa ta cinye shi a tsaye. Da ma sayarwa ya yi ya ci kuɗin, da na fahimta. Ranar ban iya cin abinci ba.

Damina ta zagayo, sai ga matar wan mijina a ƙofar ɗakina da ƙunshin kaya. Ta ce Baba ba lafiya, wani abu na sukarsa a mara kamar ana caka masa ƙarfe, sun kawo shi asibiti, ita kuma a wurina za ta sauka. Ko kunya. Na shimfiɗa mata tabarma, na zuba mata fate, don yarana suna kallo kuma ba na so su koyi korar baƙo a wurina. Tana ci tana ɗaga ido, sai ta hango taga. A nan nake jera waɗanda na gama, na farkon nan kuma yana gefe, cike da allurai da fil ta ko'ina.

Ta ce, "Wannan ba kofin marigayi ba ne? Wannan ba rigarsa ba ce?"

Kafin in buɗe baki autata ta ce, da murnarta, "Kan Baba Babba ne! Kullum muna soka masa!"

Matar ta ture kwanon fate, ta ɗora hannu a ka ta fita tana kururuwa cewa na kashe mata miji. Kafin rana ta faɗi duk bayan kasuwa an ji cewa gwauruwar nan mai kofuna jifa take yi.

A makon nan dattawa suka zauna. Dattawan da ba su da lokacin keken ɗinki saboda ginin majami'a. Aka aiko a kira ni, aka ce in taho da abin. Na same su a ɗakin bayan majami'a, fasto a tsakiya, matar wan mijina a gefe tana sharar hawaye. Na ajiye kofin a kan tebur. Babu wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya tura shi da bakin sandarsa.

Fasto ya ce, "'Yar'uwa, gaskiya ne kina kiran sunan wan mijinki kina soka allura a nan?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba Fasto. Wasa ne da yarana."

"Me ke ciki?"

"Ku buɗe ku gani."

Aka kawo wuƙa aka farke rigar mijina a gabana. Auduga ta fito, garin katako ya zube, sai ƙullin yashi. Hedimasta ya ce, "Wannan ƙasar daga ina? Ba ta kabari ba ce?"

Na ce, "Daga rafi ne. In kuna so in kai ku. In kuma wannan magani ne, to, akwai irinsa a kan teburin Mama Fasto, da karan-miski ja. Akwai a gidanka, Baba Hedimasta, matarka ta karɓa kafin Ista. Ku aika a kawo su duka a farke."

Fasto ya yi tari. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Sa'an nan ya ce sun gamsu babu magani a ciki. Amma na yi wa babban gidanmu ba'a a gaban yara, na jawo wa ikilisiya surutu a gari. Saboda haka zan je asibiti in durƙusa in roƙi Baba gafara, in kuma tattara sauran kofunan in zubar, a daina wannan sana'a da ke sa mutane zato.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Na ce, "Ranar da aka ɗauke gadon da 'ya'yana ke kwana, na zo nan. Aka ce maganar gida ce. Ranar da aka ɗauki keken da na saya da ƙosai, wanda na ɗinka wa matanku kayan zumunta da shi, aka ce ba ku da lokaci. Yau fasasshen kofi ya zama maganar ikilisiya? Dukanku kun sha shayi a kofunan nan a gidana, mijina yana zuba muku sukari da hannunsa. Wane ne a cikinku ya taka zuwa bayan kasuwa ya ga ko yaransa sun ci abinci? An kwashe masu kyau an bar mini na juji, na mai da juji abinci, shi ma za ku karɓe? Wanda zai durƙusa yana asibiti. In ya tashi ku kira shi nan ku tambaye shi kekena."

Hedimasta ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Mace ba ta ɗaga murya a ɗakin nan!"

Na ce, "Ai da na yi shiru ma ba ku ji ni ba."

Na tattara yagaggen ƙyallen da kofin na ƙulle a bakin zanina na fita. Na wuce shago kai tsaye. Madam ta dube ni, ta tashi daga kan kekenta ta ce, "Hau. Taka shi da ƙarfi." Ranar ce ta fara bari na hau.

Ranar Lahadi aka karanta sanarwa cewa an sa ni a horo, ba don jifa ba, don rashin ladabi ga dattawa. Ba zan ci jibin Ubangiji da ake raba wa masu bi ba, ba zan sa kayan zumunta ba, ba zan buga tulu a waƙar mata ba, ni da na fi kowa iya bugawa. Zan zauna a bencin baya har ranar da na nemi gafara. Wan mijina kuwa ƙaba ce likita ya samu, aka yi masa aiki, ya koma ƙauye da ƙafarsa. Ban je duba shi ba. Babu kuma wanda ya zo ya ce mini an yi mini ƙazafi. Wasu masu saye suka ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, daga baya suka dawo, suna aiko yara maimakon su zo da kansu.

Bencin baya yana dab da ƙofa. In ana ruwa feshi na jiƙa maka baya, masu makara suna taka maka ƙafa, wani lokaci akuya ta leƙo. Abokan zamana wani mutum ne da aka kama da burkutu da wata yarinya da ta yi ciki. Ban fasa zuwa ko Lahadi ɗaya ba. Nakan yi wanka in ɗaura zanina mafi kyau in zauna in miƙe wuya, don duk dattijon da zai fita sai ya wuce ta gabana. Babbar 'yata ta bar wurin 'yan mata ta dawo kusa da ni. Aka ce ta koma gaba, ta ce ƙafarta na ciwo.

An daɗe a haka, har aka yi wa faston canjin wurin aiki aka kawo wani, saurayi, sabon fitowa daga makarantar tauhidi. Bayan sujadar Lahadi wata rana ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, me ya sa kullum kike zama a nan?"

Na ce, "Tambayi dattawanka, ɗana."

Ya tambaya. Lahadin da ta biyo ya sanar cewa an ɗage horon, ba tare da na durƙusa wa kowa ba. Matan zumunta suka yi guɗa, suka matsa suka buɗe mini wuri a gaba, wata har tana miƙo mini tulu. Su ɗin nan da suka yi ta wuce ni a ƙofa suna sunkuyar da kai. Na karɓi jibin Ubangiji, don wannan ba nasu ba ne. Da na gama na juya na koma inda na fito, yarinyar nan da ta yi ciki ta ɗauke jaririnta daga kan bencin ta matsa mini, na zauna.